Fis Ɗin da Ba Ya Mutuwa

Wata bakwai kacal Mai Testa ya yi yana gadin sito a wani shagon kayan lantarki, yau shekara goma sha ɗaya ke nan, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya koya wa walƙiya haskawa. Abu biyu ya fito da su daga aikin. Na farko testa ta gwada wuta mai jan kai, wadda ba ta rabuwa da aljihun gaban rigarsa ko wanka zai shiga. Na biyu takardar shaidar wata bita ta kwana biyu kan kashe gobara, wadda ya yi gyangyaɗi a rabinta. Shi dai Injiniya yake kiran kansa. 'Yan layi suka ce Mai Testa, sunan kuma ya bi shi.

A saman wani bene yake zaune da iyalinsa. A ƙasa shaguna uku ne: na tela, na mai aski, da na wata mai niƙa da muryarta ta fi ta injinta. Akwatin wutar ginin duka yana ƙarƙashin matakala, bango ɗaya da shagon mai niƙan.

Matarsa kuwa ba ta da surutu, aiki gare ta. Shekara biyu tana ƙulle-ƙulle har ta sayi injin ƙyanƙyasa, ta jera ƙwai ɗari uku a ciki, ta ajiye shi a ɗakin da ya kamata a ce falo ne. Kwana ashirin da ɗaya ƙwan ke buƙata cikin ɗumi ba yankewa. Ta fi kula da allurar zafin injin nan fiye da fuskar mijinta, shi ma ya lura.

Ranar Litinin, kwana na goma sha takwas, Mai Testa ya ga cewa duniya ba ta san shi yadda ya kamata ba. Ya sa takardar bitarsa a firam, ya sauko da guduma da wata ƙusa mai inci shida, ya zaɓi bangon da ke gefen akwatin wuta, inda duk mai wucewa zai gani. Ƙusar ta shiga rabi ta yi taurin kai. Ya ƙara mata guduma uku masu kyau, ta wuce. Ƙwan fitilar matakala ya ɗan kifta.

"Ka gani?" ya ce wa tela. "Wuta ma ta san ni. Gaisuwa ce."

Da hantsi mai niƙa ta ta da injinta, bango ya ɗauki rawa kamar kullum, sai aka ji "tas!" a cikin akwatin. Ginin ya yi tsit. Mai aski ya fito da abin askinsa a hannu, a bayansa wani mutum da rabin kai. Daga sama aka ji gudun matar Mai Testa a kan matakala.

"Maigida, ƙwaina!"

"Kwantar da hankalinki, kina auren Injiniya."

Ba ta kwantar ba. Ta kira ƙanwarta Auta, wadda ke aiki a kamfanin lantarki, mai hular kwano da takalmin ƙarfe. Auta ta zo a kan babur, ta buɗe akwatin, ta zaro wani farin abu na tangaran mai kaurin babban yatsa biyu, ta sa sabo. Wuta ta dawo.

"Fis ne ya mutu," ta ce.

"Na sani," in ji Mai Testa. "Tun daga ƙarar na gane. Ina jiran in ga ko za ki gane ne."

"Sannu da jira, Yaya. Amma fis ba ya mutuwa haka kawai. Wani wuri ne waya ke taɓa waya. Yau an tura mu aiki bayan gari, sai jibi zan zo da na'urar awo in bi layin. Ga guda ɗaya na bari. In ya sake mutuwa ku kira ni. Kai kuma, don Allah, sa hannunka a aljihu."

"Lokacin da nake wannan aikin ke kina rarrafe."

"Shi ya sa shagon da ka yi wa gadi ya rufe," ta ce, ta hau babur ɗinta.

Talata da safe mai niƙa ta ta da inji. Tas! Mai Testa ya sa wanda aka bari. Ta sake tayarwa. Tas! A nan ransa ya ɓaci. Wane irin abu ne wannan, da an taɓa shi sai ya mutu? Ya ɗora mataccen fis ɗin a kan dakali, ya ba shi guduma ɗaya. Tangaran ɗin ya tarwatse, sai ga farin yashi yana zuba, da wani ɗan zirin ƙarfe siriri da ya narke a tsakiya.

Ya tsaya baki buɗe. Sannan ya kwarma ihu.

"Jama'a ku fito! Yashi! Yashi ake sayar mana!"

Ya tattara yashin a murfin gwangwani ya bi shago-shago da shi. Tela ya sa gilashi ya duba. Mai aski ya shinshina. Mai niƙa ta murza a yatsa ta ce ko garinta bai kai shi laushi ba.

"Shekara da shekaru suna cika mana tangaran da yashi," in ji Mai Testa, "ba wanda ya gano sai ni. Ku bari in kira 'yar kamfanin, ku ji da kunnenku."

Ya buɗe muryar wayar kowa ya ji.

"Auta, asirinku ya tonu. Na fasa fis ɗinku. Yashi ne a ciki."

"To da zuma kake so a zuba? Yaya, yashin nan shi ne aikin. In waya ta haɗu da waya, wuta takan taso da ƙarfin da zai narka gidan duka. Zirin azurfar nan yana narkewa tun ƙarfin bai gama tasowa ba, yashin kuma ya shanye tartsatsin. Kafin ka kifta ido an gama. Da gangan aka yi shi ya mutu don kayanku su tsira. Ka ce dai ba ka taɓa akwatin..."

"Layi ba kyau," ya ce, ya kashe wayar. Ya juya ga jama'a. "Kun ji ko? Da bakinta ta ce da gangan suke yin sa ya mutu. To ni zan yi wanda ba ya mutuwa."

Matarsa tana tsaye a kan matakala, hannu a ƙugu.

"Maigida, allurar tana sauka. Ka je ka sayo irin wanda Auta ta sa."

"In sayo yashi? Ni? Ba ni minti biyar."

Ya fere wata tsohuwar waya, ya murɗe jan ƙarfen, ya ɗaura a gurbin fis ɗin. Wuta ta dawo, ya juyo yana karɓar gaisuwa. Mai niƙa ta danna injinta. Wannan karon ba "tas" aka ji ba. Wani shuɗin haske ne ya yi tsalle daga akwatin da ƙara "fuu!", ga shi ya kai fuskarsa kusa don ya ga aikinsa da kyau. Da hayaƙi ya washe, girarsa ta hagu babu, gashin bakinsa ma ɓangare ɗaya ya tafi.

Mai aski ya zagaya shi yana kallo irin na masu sana'a.

"Injiniya, shigo in daidaita maka. Wuta ta fara, ni in ƙarasa."

"Gwaji ne. Kowane babban aiki da gwaji yake farawa. Wayar ce ta yi siriri."

Ya hau sama, ya dawo da cokalin ƙarfe, ya karya kan, ya cusa mariƙin. Ya kuma kafa doka: mai niƙa ba za ta ta da inji ba yau, domin ita ce mai laifin.

"Ni?" ta ce. "Shekara tara ina niƙa a nan, ko ƙwan fitila bai taɓa mutuwa ba. Sai jiya da ka fito da gudumarka."

"Injinki ya tsufa."

"Kai ne ka tsufa. Mai gira ɗaya kawai."

Ta bari ya hau sama, ta ta da injinta, don masu niƙa sun yi layi. Cokalin ya jure na ɗan lokaci, ya yi ja, ya lanƙwashe, ya faɗo a kan takalmin tela da ya zo leƙe. Tela mutum ne mai shekara sittin da sanyin hali, amma ranar ya yi wata rawa da ba wanda ya san yana da ita.

Da wani ne, da ya sauko daga nan. Mai Testa kuwa hawa ya ƙara yi. Da la'asar ya tafi inda ake gini a bayan layi, ya roƙi guntayen rodi, ya sa aka yanka masa daidai tsawon fis guda goma sha biyu. Ya shafa musu jan fenti, ya rubuta wa kowanne da farin fenti: BA-MUTUWA. Ya buga ɗaya a akwatin da guduma. Wuta ta zauna daram, domin mai niƙa ta riga ta rufe shago.

Ya hau sama yana tafiyar ƙasaita. Matarsa ta fita sayen abincin kaji, sai ya tsaya yana kallon injin ƙyanƙyasar. A bayansa ya ga wani ɗan murfi, ya buɗe, ya tarar da ɗan mitsitsin fis na gilas da zare kamar gashi a ciki. Tausayi ya kama shi. A ce ƙwai ɗari uku sun dogara da wannan? Ya zare shi ya jefa a aljihu, ya yanki 'yar ƙusa ya sa a gurbin. Bai gaya mata ba. Kyauta ce, sai ranar ƙyanƙyasa zai bayyana.

Laraba, kwana na ashirin, ƙarfe goma na safe, ya jera kujeru a ƙofar ginin. Ya gayyato masu shagunan layin duka, har da mai gyaran agogo da ba ya amfani da wuta. Ya zana gira da gawayi. Sauran rodi goma sha ɗaya suna kan faranti, an rufe da farin ƙyalle.

"Jama'a," ya ce, "daga yau an daina mutuwar fis a layin nan. Gobe gari duka. Jibi kamfani zai zo yana roƙona, ni kuma in ce ina wanka."

"Ba ya mutuwa ko kaɗan?" wani ya tambaya.

"Sai dai ginin ya mutu ya bar shi."

Ya ba da umarni a kunna komai. Tela ya jona dutsen guga biyu. Mai aski ya kunna abin aski da fanka da rediyo. Sannan Mai Testa ya nuna mai niƙa da testarsa.

"Ke kuma, ta da tsohon naki. Ba shi wuta har ƙarshe."

"Ka faɗa a gaban shaidu," ta ce, ta danna.

Bango ya ɗauki rawa. Fis bai mutu ba. Aka fara tafi. Mai Testa ya ɗaga hannu biyu yana juyawa kowa ya gan shi, shi ya sa shi ne na ƙarshe da ya ga abin da ke bayansa. Akwatin ya fara wani gurnani. Wari ya tashi kamar ana ƙona taya. Firam ɗin takardarsa ya fara karkarwa a jikin ƙusa, ƙusar ta yi ja, wani baƙin layi ya bi bango ya nufi sama yana hayaƙi.

"Injiniya," in ji tela a hankali, "takardarka tana ci da wuta."

Ƙwan fitilar matakala ya yi wani haske da bai taɓa yi ba ya fashe. Fankar mai aski ta yi gudun da ya kusa cire ta daga silin. Rediyo ya yi kururuwa ɗaya ya yi shiru har abada. Can ƙarshen layi taransifoma ta ce "dum!", komai ya tsaya. Jama'a suka watse, kujeru suka kife, mai gyaran agogo ya tsallake faranti, jajayen rodi suka bi titi suna gangarawa.

Takardar bitar kashe gobara tana ci bal-bal.

"Me aka koya muku a bitar?" mai aski ya yi ihu. "Yi sauri!"

"Wannan darasin... lokacin na fita shan iska."

Ya rarumo bokitin ruwa. Mai niƙa ta bangaje shi, ta ce ruwa a kan waya, so yake ya kashe su? Ta ruga wurin masu gini ta ciko kwano da yashi, ta watsa a bangon, ta ƙara, wutar ta mutu. Rabin kwano na uku a kansa ta juye, ta ce hannunta ne ya kuɓuce.

Ba a jima ba motar kamfani ta iso, Auta a gaba. Abokan aikinta suka hau taransifoma suka sauko da wani fis mai tsawon hannun mutum. Ta riƙo shi ta kawo har gaban Mai Testa ta girgiza masa a kunne.

"Ji nan, Yaya. Shi ma yashi ne. Shi ya mutu ya ceci layin nan, da ka hana ƙaramin yin aikinsa."

Ta duba baƙin layin da ke bango, ta bi shi da ido har inda ya faro. Ta sa filaya ta zaro ƙusar. Bakinta ya narke ya dunƙule. Ta ɗaga ta sama kowa ya gani.

"Wa ya buga wannan a tsakiyar babbar waya? Da injin niƙa ya girgiza bango sai ta haɗa waya biyu. Fis uku suka mutu suna gaya muku."

Kowa dai ya juya ya kalli mutum ɗaya, mai yashi a ka, girar gawayi tana gangarowa da gumi.

"Ita ƙusar," ya ce, "ba ta da inganci."

Sai aka ji matarsa daga sama, ba ihu ba, kira ɗaya: "Auta."

Injin ƙyanƙyasar yana hayaƙi ta baya. Auta ta buɗe ɗan murfin, ta zaro 'yar ƙusa, ta daɗe tana kallonta.

"Yaya, da ka bar masa ɗan fis ɗinsa na gilas, shi kaɗai zai mutu, mu ja waya daga maƙwabta mu jona. Yanzu cikin injin ne ya ƙone. Kayansa sai an aiko, kwana uku."

Matar ta matso kusa da injin. Ta ɗora tafin hannu a kan ƙwan, tana jin ɗumin yana raguwa. A cikin wasu ana jin ɗan motsi, gobe ne ranarsu. Ganin haka ya fi masa duk zagin mai niƙa ciwo, ya rasa inda zai sa idonsa.

Sai ta share fuska ta fara ba da umarni, layin duka kuma ya bi. Aka kawo filas-filas na ruwan zafi, aka cika robobi, aka jera ƙwai a kwali tsakanin barguna. Amma roba tana hucewa, wata kuma ta yi zafi da yawa. Ana buƙatar abin da ɗuminsa ba ya hawa ba ya sauka. Matar ta ɗago ta dubi mijinta tun daga wuya har tumbi, irin kallon da take yi wa buhun dusa kafin ta saya.

"Tela," ta ce, "auna shi."

Tela ya hau keken ƙafa, wanda ba ruwansa da wuta. Kafin azahar ya ɗinka wata riga mai aljihu sittin, layi-layi, daga ƙirji zuwa mara. Sama na warin hayaƙi, don haka aka fito da kujerar mai aski bakin ƙofa aka kwantar da ita. Aka sa wa Mai Testa rigar, aka jera ƙwai sittin mafi motsi a jikinsa, aka lulluɓe shi da bargo uku har haɓa.

"Wannan tsari," ya fara, "a kimiyyance ana kiransa..."

"Rufe baki," in ji matarsa. "In ka yi magana tumbinka na girgiza."

Haka ya kwanta, rana tsaka, a bakin titi, ba motsi ba magana. Waɗanda suka gudu da safe suka dawo da 'yan uwansu. Mai aski ya ce tunda ga shi a kujera, bari ya ƙarasa aikin, ya sa reza ya sauke ɗaya girar da sauran gashin bakin. Mai niƙa ta ja benci ta zauna kusa da kunnensa, ta kwashe yinin tana ba shi tarihin injinta, shekara tara, ba ya iya ramawa. Ƙuda ya sauka a hancinsa, ya yi ta hura masa iska ta gefen baki.

"Injiniya, in kawo maka tsaba?" wani mai wucewa ya tambaya.

Washegari da hantsi yana nan yadda aka bar shi, ya yi laushi kamar tsumma, sai ya ji ƙwas-ƙwas a ƙirjinsa na hagu, daidai inda testa take zama. Wani jiƙaƙƙen kai ya leƙo daga aljihun ya ce "tsiyu". Layin ya ɗauki sowa. Kafin la'asar suna ta fitowa, ta wuya, ta hammata, ɗaya har ya hau haɓarsa ya yi abin da ya yi.

Arba'in da bakwai suka fito daga jikinsa. Daga kwalaye, tara. Sauran matar ta kwashe su da kanta a bokiti, ba ta bari kowa ya taya ta ba, ta daɗe a bayan gida kafin ta dawo da jajayen idanu.

Da aka warware shi ya miƙe da ƙyar, ƙafafu sun sage. Ya taka ɗaya, 'yan tsaki suka biyo shi. Ya tsaya, suka tsaya. Ya yi hagu, suka yi hagu. Ganin jama'a na dariya, sai tsohon halin ya motsa. Ya gyara tsayuwa, ba gira ba gashin baki, ya dubi matarsa.

"Kin dai gani da idonki. Yini da kwana, wutar jikina ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya."

Tana tsugune tana dama abincin 'yan tsaki da wani abu mai jan kai. Sai da ya duba da kyau ya gane testarsa ce.

"Na gani, Maigida," ta ce, ba ta ɗago ba. "Da ta ɗauke sau ɗaya ranar Talata, da yau ɗari uku ke bin ka."

Ya buɗe baki. Jama'a suka yi shiru suna jira, don ba a taɓa gaya masa magana bai mayar ba. Ya rufe. Ya laluba aljihun wandonsa, ya fito da ɗan fis ɗin gilas, lafiyarsa ƙalau, ya ajiye a gefen kwanonta a hankali. Sannan ya juya ya nufi matakala, 'yan tsaki hamsin da shida suna biye da shi suna kiran uwarsu.